Batirin cikin Model 100 ya fara yoyo, da me zan maye gurbinsa?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan tsofaffin kwamfutoci. Akwai TRS-80 Model 100 ta kawuna, Allah ya jiƙansa, da ta zo hannuna, ya sayo ta ne lokacin da yake karatu a Amurka. Na sa mata sababbin batura AA guda huɗu na kunna, shiru, gilashin ko ɗigo bai nuna ba. Da na kwance sukurori huɗun da ke bayanta na buɗe, sai na ga wani ɗan batir a like da dalma a kan fanel, wato allon da kayan lantarkin na'urar ke zaune a kai, an rubuta 3.6V a jikinsa. Ƙafarsa ɗaya ta yi farin gari, layukan tagullar da ke kusa da shi kuma sun koma kore-kore. Mene ne aikinsa tunda ga AA? Kuma zan iya cire shi in sa CR2032 irin na kwamfutar tebur?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu, ya sa ya huta. Abban Sadiq, kafin mu shiga batun me za a sa, cire wancan batirin yau ɗin nan, kada ya kwana a kan fanel. Cire AA ɗin tukuna, ka juya makunnin MEMORY POWER da ke ƙasan na'urar zuwa OFF, sannan ka datse ƙafafun batirin da filaya. Ragowar ƙafafun da suka saura a cikin ramuka sai a cire su daga baya a natse.

Aikinsa shi ne riƙe memori. Model 100 ta fito a 1983, kamfanin Kyocera na Japan ne ya ƙera ta, Tandy ya sa sunansa ya sayar a shagunan Radio Shack. Ba ta da faifai ko ɗaya a cikinta. Duk abin da ka rubuta a TEXT, manhajarta ta rubutu, duk shirin da ka yi a BASIC, yarenta na rubuta shiri, a cikin RAM, wato memorin aiki, yake zaune, RAM kuwa in wuta ta ɗauke mata ko na ƙiftawar ido ne komai ya tafi. To shi wannan ɗan batirin, ƙwayoyin nikel-kadmiyam ne guda uku, kowace 1.2V, shi ke riƙe ta lokacin da kake canza AA ko lokacin da suka mutu. Littafin na'urar ya ce yana iya riƙewa kusan kwana 30 in memorin 8K ne, kusan kwana 8 in 32K ne. Yana samun cajinsa a hankali daga AA ɗin ko daga adafta.

Batun CR2032, kada ka like shi kai tsaye. Ba batirin caji ba ne, su kuma waɗannan ramuka biyun wuta ce ke fitowa daga cikinsu. Zai kumbura, yana iya fashewa.

Auwalu Fanel:
Abin da Injiniya ya faɗa haka yake. Ƙari ɗaya, dalmar da wannan ruwan ya taɓa ba ta narkewa da sauƙi, za ka ga ta yi toka-toka ta ƙi ƙarfen dalma. Kada ka yi ta danna mata zafi, tagullar ce za ta ɗago ta bar fanel. Kankare samanta kaɗan, ka sa fes, wato man da ke sa dalma ta kama, ka ƙara sabuwar dalma a kai su gauraya, sai ka zuƙe. Wanki kuma mu nan tina, wato ruwan tsinka fenti, muke sa wa da buroshi, ta fita fes.

Maman Hanif:
Malam Auwalu, a yi haƙuri zan ɗan saɓa maka a kan tina. Tina tana wanke maiƙo da dattin waya, amma abin da ke kan fanel ɗin Abban Sadiq ba maiƙo ba ne. Ruwan da ke cikin batirin nikel-kadmiyam, da na NiMH ma, wato ɗan'uwansa batirin caji na nikel mara kadmiyam, sinadarin potassium hydroxide ne. Ba asid ba ne, ɗan gidan su kanwa ne da ruwan toka, sai dai ya fi su kaifi nesa ba kusa ba. In ya fito ya haɗu da iska sai ya koma wannan farin garin, potassium carbonate. Koren kuma tagulla ce da ya ci. Muddin yana nan, da ya samu danshi zai ci gaba da bin layukan ta ƙarƙashin koren fentin fanel, inda ido ba ya gani.

Abin da ke kashe kaifinsa asid ne mara ƙarfi, wato farin ruwan khal na girki, mai kashi 5 cikin 100. A ɗiga shi da tsinken auduga, za a ga yana ɗan kumfa, a bar shi minti kaɗan, a goga da tsohon buroshin haƙori. Sannan dole a ɗauraye khal ɗin shi ma, don in ya zauna zai ci tagullar. A ɗauraye da tataccen ruwa, a bi da isopropyl, wato sifirit ɗin goge kayan lantarki, don ya kori danshi, a bar shi ya bushe sosai kafin a ba shi wuta.

Don Allah kada wani ya ce a sa bakin soda ko kanwa. Wannan maganin asid ɗin batirin mota ne, a nan ƙara wa abin ƙarfi zai yi. Kuma in za a sayi tataccen ruwa wurin masu batirin mota, a tabbatar ruwa ne zalla, don suna sayar da mai asid ma a irin robar. A sa safar hannu, a kiyaye ido, farin garin nan in ya shiga ido ba ƙaramin abu ba ne.

Auwalu Fanel:
Na karɓa Hajiya. Tina ma tana cin roba, in ta taɓa jikin na'urar ko maɓallan za ta ɓata su. A bi naki.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ni ra'ayina kada a sake mayar da wani batir wurin. Duk wanda aka sa, wata rana zai yi abin da wannan ya yi, kuma mu nan zafi ya fi na inda aka ƙera su. Watan Afrilu a Damagaram ko Sakkwato ana haura digiri 40, cikin akwati a ɗaki mai rufin kwano ya fi haka. A sa sufa-kafasita, wato kafasita mai tara wuta da yawa kamar ɗan batir, mai 1F, 5.5V. Ba ruwanta da yawan caji, tana shiga wurin daidai, an huta.

Injiniya Bala:
Ɗan Damagaram, mutane da yawa suna yin haka kuma yana yi musu aiki, amma mu yi lissafi don Abban Sadiq ya san abin da yake saya. Kafasita mai 1F, in ta sauka daga 4V zuwa 2.5V, abin da ta bayar coulomb 1.5 ne. Raba da 3.6, don coulomb 3.6 ne mAh ɗaya, ma'aunin girman batir, ka samu kusan 0.4 mAh. Batirin asali yana wajen 50 zuwa 60 mAh. Ka ga ya ninka ta fiye da sau 100. Don canza AA ta isa har ta yi yawa. Don ajiye na'ura mako guda ba AA a ciki, kada a dogara da ita.

Akwai abu na biyu da ake mantawa. A irin wannan tsarin caji, resista ce kawai ke rage wuta, batirin da kansa ne ke danne ƙarfin wutar a wajen 4V da ɗan kai. Kafasita ba ta danne komai, hawa za ta yi ta yi har ta kai abin da ke shigo mata. Sababbin AA huɗu suna haura 6V. Saboda haka kafin a sa ta a kowace na'ura, a ɗora mita a kan ramukan biyu babu batir, a ga nawa ke fitowa. In ya wuce 5.5V, kafasitar za ta wahala, RAM ɗin da ke bayanta ma haka.

Kuma ita ma tana yoyo. Xbox ta farko, na'urar wasan bidiyo ta 2001, irin wannan kafasitar ce ke riƙe mata agogo, kuma ita ce sananniyar cutar da ke cinye fanel ɗinta.

Ɗan Damagaram:
Lissafin na yarda da shi, ranka ya daɗe. Amma ina tambaya, wa ke buƙatar kwana 8 yau? A 1983 mutum yana tafiya da rubutunsa a cikinta, in ya ɓace ya ɓace. Yau Abban Sadiq zai kunna ta ya nuna wa yara, ya ɗan rubuta shiri, ya kashe. In memorin ya goge me aka rasa? In fanel ya lalace kuwa a ina za a samo wani?

Malam Tukur:
Ku gafarce ni, ni dattijo ne a wannan harka kuma ina da Tandy 102, ƙanwarta ta 1986, har yanzu ina rubutu da ita. Dalili kuwa AA huɗu suna kai ta wajen awa 20, ba ruwana da an ɗauke wuta ko an kawo, kuma ban taɓa taɓa maɓallai masu daɗin bugu irin nata ba. Ba banza ba 'yan jarida a Amurka da Turai suka riƙe ta shekara da shekaru, suna tura labari ta layin tarho da modem ɗinta mai gudun bit 300 a daƙiƙa. To ni memori yana da muhimmanci a wurina, shafi uku ko huɗu da na rubuta da asuba ba na son su tafi don AA ta ƙare ina masallaci.

Ni a ganina a mayar da nikel-kadmiyam irin na asali. Waɗanda suka zana na'urar don shi suka zana cajin. Shi ne ke jure a yi ta ɗiga masa wuta dare da rana ba ya damuwa. Wanda ke cikin ta Abban Sadiq ya haura shekara 40, babu batirin da aka yi wa alkawarin wannan tsawon rai. Ba laifinsa ba ne, barinsa aka yi.

Maman Hanif:
Baba Tukur, Allah ya ƙara lafiya. Matsalar samun sabo ne na gaskiya. A 2006 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta taƙaita sayar da ƙananan baturan da ke da kadmiyam, a lokacin an bar wasu kaɗan kamar na fitilun gaggawa da kayan asibiti. Masu ƙera wannan ɗan ƙaramin sun ragu ƙwarai. Abin da za a miƙo maka a kasuwa a ce sabo ne, sau da yawa tsohon ajiya ne da ya shekara goma ko fiye a kan kanta. Ka sayi wanda ya riga ya fara tsufa kenan.

Sannan kadmiyam guba ne, yana taruwa a ƙoda, yana raunana ƙashi. Wannan da za a cire ma, Abban Sadiq, kada ka jefa shi a shara inda za a cinna wa wuta, ko yara su tsince shi su fasa. Naɗe shi a leda, ka sa a kwalba mai murfi ka rubuta a jiki, har ka samu masu karɓar matattun batura.

Injiniya Bala:
Malam Tukur yana da gaskiya a kan juriya. Nikel-kadmiyam yana ɗaukar cajin da ya kai kashi ɗaya cikin goma na girmansa na dogon lokaci. NiMH ya fi son abin da ya gaza haka sosai, kashi ɗaya cikin talatin ko ƙasa. Wato in ka sa NiMH mai 80 mAh, kana son wutar da ke shiga kada ta kai 3 mA. Wannan abu ne da ake aunawa, a jera mita tsakanin ƙafar + da ramin, a karanta. A Model 100 da 102 mutane sun daɗe suna sa NiMH 3.6V mai 70 ko 80 mAh kuma yana zama lafiya, shi ya sa shi nake ba da shawara ga wanda zai yi amfani da na'urar kamar Malam.

Amma kada a ɗauka NiMH ba ya yoyo. Ruwan cikinsu ɗaya ne. Kwamfutocin hannu da yawa na shekarun 1990 da suka mutu ta wannan hanya NiMH ne a cikinsu.

Nura Zango:
Injiniya ka taɓo inda nake. Ina Kumasi, kuma cikin kayan da ake saukewa daga Turai ana samun tsofaffin Toshiba da ThinkPad na zamanin Windows 95. Yanzu haka ina da Toshiba Satellite ɗaya, da na ɗaga kibod na ga batura biyu a naɗe da koriyar leda, ɗaya 3.6V ɗaya 7.2V, kowanne da wayarsa da soket. Duk biyun sai na canza?

Injiniya Bala:
A'a Nura, aikinsu daban. Mai 3.6V ɗin na agogo ne da saitin BIOS, wato saitin da kwamfuta ke karantawa lokacin tashi. Mai 7.2V, ƙwaya shida, shi ke riƙe memori in an sa kwamfutar barci ko ana canza babban batir, don a dawo a tarar da aiki inda aka bar shi. Wannan na biyun cire shi kawai, kada ka sa komai. Abin da ka rasa shi ne wancan barcin, kwamfutar za ta tashi ta yi aikinta. ThinkPad 755 da 760 suna da irinsa, 701C mai kibod ɗin da ke buɗewa ta 1995 ma tana da ɗan batirin caji a ciki, PowerBook 3400c ta Apple kuma nata mai ƙwaya shida ya kashe da yawa daga cikinsu.

Na agogon in ka cire, duk tashi za ta yi ƙorafi ta ce ka danna F1 ka gyara kwanan wata. In za ka iya jure wannan, shi ke nan. In ba za ka iya ba, a nan ne CR2032 ke da amfani, amma da dayod a jere don ya tare wutar caji kada ta shiga, ya bar ta batirin ta fita. Agogo abin da yake ja ɗan mitsitsi ne, CR2032 mai wajen 220 mAh zai kai shi shekaru.

Auwalu Fanel:
Wane dayod, Injiniya? Ni na saba jin a sa Schottky don ba ya cin wuta da yawa.

Injiniya Bala:
Schottky yana rage wajen 0.2 zuwa 0.3V, gaskiya ne. Amma yana barin wuta kaɗan ta zurara ta baya, kuma zurarar tana ƙaruwa da zafi. A cikin kwamfutar da ke ɗumi, a garin da ke da zafi, wannan caji ne kake yi wa batirin da ba a so a yi wa. 1N4148 na gama-gari ya fi toshewa, kuma a 'yar wutar da agogo ke ja abin da yake ragewa bai kai 0.6V ɗin da aka saba faɗa ba. Ni shi nake fara gwadawa, in agogon ya riƙe lokaci an gama.

A kiyayi LIR2032. Girmansu ɗaya da CR2032, ana cajinsa, sai mutum ya ɗauka ya samu mafita. Lithiyam-ayon ne, yana son caja mai tsayawa cak a 4.2V, cajin nikel kuwa ba ya tsayawa. ML2032 shi ma ana cajinsa, amma iyakarsa 3V da ɗan kaɗan, wurin 3.6V ya fi ƙarfinsa.

Nura Zango:
Na cire su. Amma baƙar wayar mai 7.2V ɗin da na feƙe ta, tagullar ciki ta yi baƙi ƙirin har bakin soket.

Auwalu Fanel:
To ruwan ya bi cikin wayar kenan, haka yake yi, musamman ta ƙafar −. Duba soket ɗin da ke kan fanel da gilashin ƙara girma. In ƙusoshinsa sun yi shuɗi ko kore, yi masa wankin da Hajiya ta faɗa, ka duba har ɗaya gefen fanel ɗin, don yana ratsawa ta ƙananan ramukan nan.

Ɗan Damagaram:
Kun ga abin da nake gudu. Ko a kan waya aka sa shi, yana biyo waya.

Malam Tukur:
Yana biyowa in an bar shi shekara 25 ba a leƙa ba, ɗana. Ni yadda na yi da tawa, batirin ba ya kan fanel. Na ja masa wayoyi biyu da ɗan soket, na sa shi cikin 'yar leda mai ɗaurewa a wani lungu nesa da layuka, na manna takarda na rubuta watan da shekarar da aka sa. Duk bayan damina ina buɗewa in duba. In zan yi doguwar tafiya in bar ta, sai in kwashe rubutuna, in kashe makunnin memori, in zare soket ɗin. Kwashewar ba wuya, akwai mashigar RS-232 a baya, da TELCOM, manhajarta ta aika bayanai, ake turawa zuwa kwamfutar zamani, ko a adana a kaset yadda ake yi da. Wanda zai sa tasa a kabad don tarihi kuwa, ina tare da kai, kada ya bar kowane batir a ciki, har AA ɗin.

Injiniya Bala:
Wannan tsarin na Malam shi na fi so. Abin lura kawai, a sayi batir mai ƙafafu ko mai waya tun daga masana'anta. Kada a ɗora ƙarfe mai zafi a jikin ƙwayar batir don like waya, zafin yana lalata robar da ta toshe bakinta, ka jawo yoyon da kake gudu tun ranar farko.

Abban Sadiq:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda aka kwana. Na datse shi, na yi wankin khal, ya yi kumfa kamar yadda Maman Hanif ta ce, na ɗauraye na bar shi ya kwana a gaban fanka. Da na bi layukan da mita sai na tarar ɗaya daga ƙafar − ya yanke, a ido kuwa lafiya ƙalau yake. Na ja jamfa da siririyar waya. Ban samu ƙaramin NiMH ba tukuna, sai na ɗaura na tarhon gida mara waya, shi ma 3.6V, a kan wayoyi don gwaji. Na mayar da makunnin memori ON, na kunna, gilashi ya cika da wasu baƙaƙen layuka marasa ma'ana.

Malam Tukur:
Alama ce mai kyau. Bar ta da AA a ciki ta yi awanni batirin ya ɗauki caji. Sannan ka danne CTRL da BREAK tare, ka latsa RESET da ke baya. Zai share tarkacen da ke memori ta fara daga farko. In za ka sa adafta ka kula, 6V ce kuma tsakiyar filoginta − ne, akasin yawancin adaftocin da ke kasuwa yanzu. Auna kafin ka soka.

Abban Sadiq:
Alhamdu lillahi, Baba, ta tashi! Ga BASIC, TEXT, TELCOM, ADDRSS da SCHEDL a jere, a sama an rubuta Jan 01,1900, a ƙasa 21446 Bytes free. Sai dai rubutun ya dushe, ko na murɗa abin gefen nan har ƙarshe sai na karkata ta nake gani sosai.

Injiniya Bala:
Masha Allah. Wannan adadin yana nufin 24K ke cikinta, da 32K ce da 29638 za ka gani. Shekarar kuma kada ta dame ka, 19 ɗin a rubuce yake a cikin ROM, wato memorin da ba ya canzawa, lambobi biyu na ƙarshe kawai take canzawa. Batirin tarhon ya yi wa cajinta girma, zai daɗe bai cika ba, ka nemi mai 70 ko 80 mAh ɗin, in ka sa ka auna wutar da ke shigarsa ka faɗa mana.

Auwalu Fanel:
Dushewar gilashin ba daga batir ba ne. Gilashin yana buƙatar −5V, kuma ƙananan kafasitocin da ke ɓangaren wuta su ma shekarunsu ɗaya da batirin da ka cire, suna yoyo ta ƙasa inda ba a gani. Auna layin −5V ɗin tukuna. Sannan ka duba gindin kowace da fitila, in dalmar wurin ta dushe ko ka ɗora ƙarfe ka ji ƙarni kamar na kifi, ta zubar. Ɗauki hoton fanel ɗin kafin ka cire ko ɗaya don kada ka juya ƙafa, ka turo lambobin da ke jikinsu in duba maka waɗanda ake samu a nan Kano.